Na kwashi adashi: in sayi injin gudu ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 34, 'ya'yana huɗu, na ƙarshen aiki aka yi mini aka ciro shi wata 14 da suka wuce. Tun daga nan jikina ya buɗe. Tsawona santimita 160, nauyina kilo 88, ga gwiwa tana damuna in na hau bene. Sau biyu ana auna hawan jinina a asibiti ana samun 145 bisa 92. Likita ya ce in rage gishiri, in rage ƙiba, in riƙa motsa jiki, in koma bayan wata uku. Na nemi izinin maigidana in shiga gidan motsa jiki, ya ce a'a, maza da mata ake cakuɗawa. Na ce to zan sayi injin gudu in ajiye a falo, don na kwashi adashi naira dubu 300, kuma an nuna mini na hannu a dubu 280. Ya yi dariya ya ce wata biyu zai zama wurin shanyar kayan yara. Hajiyarsa da muke zaune tare kuwa cewa ta yi su daka da surfe ne motsa jikinsu, kuma mace in ta rame sai a ce mijinta ba ya ciyar da ita. Gidan haya ne, ɗaki biyu da falo, ƙasan tayil, wuta sai an ga dama, janaretanmu ƙarami ne. Raina ya ɓaci, gani nake ba wanda ya damu da lafiyata. In saya kawai ko in haƙura?

Maman yara, Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Ɓacin ranki ba a banza yake ba: kin dawo daga asibiti da magana mai nauyi a ƙirji, kin kai ta wurin mutum biyun da kike sa ran su taya ki ɗauka, ɗaya ya yi dariya, ɗaya ta ba ki labarin turmi. Ko wacece sai ta ji ciwo. Amma tambayar taki ta matse ki tsakanin abu biyu, saye ko haƙura, ni kuwa ba ɗayan da zan ce ki yi. Ki bar injin nan a hannun mai shi, ki kuma fara motsa jiki a cikin satin nan.

Bari in fara da injin, tunda shi ne ya shiga ranki. Injin gudu na gida, in mutum mai nauyinki yana kai, yakan ja wat 600 zuwa sama da 1,000, kuma ya fi zuƙar wuta a lokacin tashi. Ƙaramin janaretan da ake kunna wa fanka da talabijin ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ko ya ɗauka za ki ji yana nishi. Wutar gari kuma in ta zo tana hawa da sauka, abin da take fara ƙonawa shi ne fanel ɗin da ke sarrafa gudun bel ɗin da ake takawa a kai, wanda samun irinsa a kasuwa aiki ne. Ke nan sai kin haɗa da sitabilaiza mai ƙarfi, ga dubu 20 ce kacal za ta rage miki. Sannan ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin bel ta shanye man silikon da ake sa masa, bel ya riƙa gogar katakon da ke ƙarƙashinsa, injin ya yi zafi. Na hannu kuwa galibi ya riga ya sha wannan wahalar a wani gidan kafin ya zo gare ki. Wajen wuri, tsawonsa yakan haura mita ɗaya da rabi, kuma ana son a bar fili a bayansa domin in mutum ya zame kada ya bugu da bango. Ki auna falonki da tef ki ga abin da zai saura.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne autanki. Yaro ɗan wata 14 ba abin da ke jan hankalinsa kamar abu mai juyawa, ke kuma kina kai kin ba shi baya. Bel ɗin yana kama yatsu ya sale fata cikin ƙiftawar ido. A 2021 kamfanin Peloton na Amurka sai da ya janye wani samfurin injinsa daga kasuwa bayan ya ja wani yaro ƙarƙashinsa ya rasu, wasu da dama sun ji rauni. A gida mai yara huɗu da falo ɗaya, wannan kaɗai ya isa hujja. Maigidanki ya faɗi gaskiya kan injin, yadda ya faɗe ta ne bai yi daɗi ba.

To me za ki saya? Abu na farko ba na motsa jiki ba ne ma: na'urar awon jini mai batir, wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. Kafin ki je kemis ki auna kaurin tsakiyar damtsenki da tef ɗin tela. In ya wuce santimita 32, ki nemi mai babban maɗauri, domin ƙaramin maɗauri a babban hannu yana nuna lamba sama da gaskiya. In za ki auna, ki zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ki auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, ki rubuta a littafi da kwanan wata. Ranar da kika ga 180 bisa 110 ko sama, ba ranar motsa jiki ba ce, ranar asibiti ce.

Bayan ita sai kambas mai laushin ƙasa, ko na gwanjo ne a Ƙofar Wambai in dai dunduniyarsa ba ta cinye gefe ɗaya ba, da rigar mama mai riƙewa sosai. Sai shimfiɗar roba ta motsa jiki mai kaurin milimita 6 ko sama, don tabarma da darduma suna zamewa a kan tayil. Sai robar ja, irin mai mariƙi biyu da ke zuwa kala-kala, daga mai laushi zuwa mai tauri, tare da ɗan abin maƙala ta a ƙofa. Ita ce mafi arha kuma mafi yawan aiki a duk kayan, amma tana da sharuɗɗa. Zafi da rana suna cinye ta, don haka kada ki bar ta a taga ko a tsakar gida. Duk ranar da za ki yi amfani da ita ki miƙa ta a haske ki duba, in kin ga ta fara tsagewa ko da kaɗan ne ki jefar, domin in ta tsinke fuska take nema. Ki maƙala ta ta ɓangaren maratayin ƙofa, ki murza mukulli, kada yaro ya buɗe kina cikin ja.

Ƙarfen ɗagawa na hannu, wanda 'yan kasuwa ke kira dambel, guda biyu masu kilo uku-uku sun ishe ki farawa. In kuɗinsu ya yi miki yawa, kicin ɗinki cike yake da madadinsu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, in kin cika ta da busasshen yashi ta haura kilo biyu. Galan mai lita biyar kilo biyar ne, ga shi da mariƙi. Ledar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce cif. Jarka mai lita 25 kuwa kada ki cika ta yanzu, ki fara da rabi. Akwai masu zuba siminti a gwangwanin madara su soka bututun ƙarfe a tsakiya. Yana yi, in an kwaɓa siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa uku, aka soka ƙusa a bakin bututun don ya kama, aka yi ta yayyafa masa ruwa kwana bakwai. Sai dai da wuya gefe biyun su zo nauyi ɗaya, kuma in ya kufce a gidan haya, ke da mai gida ne a kan tayil. Ni ban ga buƙatarsa gare ki ba.

Na ƙarshe, ki sa kafinta ya yi miki ɗan akwatin takawa: tsayi santimita 15, tsawo 70, faɗi 40, da katako mai kauri, a sa masa tokari a tsakiya, a buga roba a ƙasansa don kada ya gudu. Kada ki kifa turmi ko bokiti ki hau, kada kuma ki kwantar da bulo mai rami, yana fashewa. Ki zaga Sabon Gari ki taya a shago uku kafin ki ciro kuɗi. Duk abin da na lissafa bai kamata ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na adashin ba. In ya nemi wucewa, ki cire dambel. Ragowar kuɗin ki adana, za mu dawo kansa. Filin da kike buƙata mita biyu ne a kan mita biyu, a ɗakinki ma ya isa in kin tura kujera, kuma kayan duka suna shiga ƙarƙashin gado in ban da akwatin.

Tunda aiki aka yi miki, akwai gwajin da za ki yi kafin komai. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwa, ki ɗaga kai kaɗan, ki danna yatsunki a tsakiyar ciki daidai cibiya, sama da ita da ƙasa da ita. In yatsu fiye da biyu sun nutse tsakanin tsokar dama da ta hagu, ko kin ga tsakiyar cikin ya tasa kamar kunyar gona, tsokar ba ta gama haɗewa ba tun goyon ciki. Haka in akwai kumburi a wajen ɗinkin da ke fitowa in kin yi tari, ko fitsari yana kufce miki in kin yi atishawa. Ko ɗaya daga cikinsu kika gani, ki nemi likitanki ya tura ki sashen gashin ƙashi, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma kina iya neman mace ta duba ki. Ko babu ko ɗaya, ki jingine atisayen nan na kwanciya a riƙa tashi zaune da sunan rage tumbi. Ba ya rage shi, kuma yana iya wahalar da tsokar da ba ta warke ba. Igiyar tsalle ma ki ɗaga mata ƙafa. Kilo 88 yana dira a kan tayil da gwiwa mai ciwo, ba yanzu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi mai matsakaicin ƙarfi, da kwana biyu ko fiye na ƙarfafa tsoka. Can za ki je, amma ba daga can za ki fara ba. Sati biyun farko minti goma na takawa da tafiya a rana ya isa. Litinin, Laraba da Asabar ki ba wa tsoka. Ki ɗumama jiki da taka ƙafa a wuri ɗaya kina kaɗa hannu, minti biyar. Sai ki jingina kujera mai ƙarfi da bango, ki zauna ki tashi sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, ƙugu yana fara komawa baya, gwiwa tana kallon inda yatsun ƙafa suke kallo. Sai ki tsaya taku ɗaya daga bango, tafin hannu a jikinsa daidai kafaɗa, ki kai ƙirji kusa ki tura kanki baya, sau goma. Sai robar ƙofa: ki ja mariƙan zuwa haƙarƙari kina matse allon kafaɗa, ki sake a hankali kina ƙirga uku, sau goma sha biyu. Sai ki kwanta a shimfiɗa, gwiwa a tanƙwashe, ki ɗaga ƙugu sama ki riƙe daƙiƙa biyu ki sauke, sau goma. Ki rufe da ɗaukar galan ɗaya a kowane hannu, baya a miƙe, ki yi ta kai da komo a ɗaki daƙiƙa 30. Ki huta minti ɗaya ko biyu, ki sake zagayen. Sati na uku ki mai da shi zagaye uku. Duk wanda kika yi sau 15 ba tare da wahala ba a rana biyu a jere, ki ƙara masa nauyi kaɗan ko ki canza roba zuwa mai tauri.

Abu ɗaya nake so ki riƙe da kyau saboda jininki: kada ki ɗauke numfashi kina yunƙuri. Ki fitar da iska lokacin da kike tashi ko ja ko turi, ki shaƙa lokacin komawa. Riƙe numfashi da nauyi a hannu yana cilla jini sama nan take. Mai sauƙin dabara shi ne ki riƙa ƙirgawa da baki.

Sauran kwanakin na akwatin takawa ne da tafiya. Ki hau da dama, ki kawo hagu, ki sauka da dama, ki sauko da hagu, tafin ƙafa gaba ɗaya a kan katakon. Minti ɗaya a kai, minti biyu kina zagaya ɗaki ko tsakar gida, ki canza ƙafar da ke fara hawa. Ki ƙara minti biyar duk sati har ki kai 30. Ma'aunin ƙarfi kuwa bakinki ne: in kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, kina daidai. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Suka a cikin gwiwa, ko ki wayi gari ta kumbura, alama ce ki rage rabi ki bar akwatin na 'yan kwanaki. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da aikin da kika yi, ki tsaya ki nemi asibiti a ranar.

Lokaci kuma ki zaɓi wanda ba kowa ke nemanki ba. Ga mafi yawan iyaye mata, bayan yara sun tafi makaranta ne, in auta ya koma barci, tunda bayan asuba hidimar karin kumallo ce. Daga Maris zuwa Mayu, da zafin Kano ke haura digiri 40, kada ki wuce ƙarfe tara na safe. Ki buɗe taga, ruwa a kusa. Kada ki naɗa leda a ciki ko ki sa rigar roba don gumi. Ruwan jiki ne ke fita, kina sha ya dawo. Ɗamarar matse ciki da shayin rage ƙiba ma ki tsare kuɗinki, da yawan shayin nan filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sawa. Da azumi, ki mayar da atisayen bayan buɗa-baki da awa biyu.

Ba zan ɓoye miki ba, sikeli ya fi jin maganar tukunya a kan ta atisaye. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da kusan cokalin shayi tara na sukari. Gishirin da likita ya ce ki rage kuma ba na cikin gwangwani kaɗai ba ne, har da dunƙulen miya da kanwa da taliyar yara mai ɗan ƙullin sinadari. Ki rage malmalar tuwo, ki ƙara miyar ganye da wake, amma kada ki zauna da yunwa, balle in kina shayarwa. Rabin kilo a sati shi ne tafiyar da ke ɗorewa, kusan kilo biyar zuwa shida ke nan kafin ki koma asibiti. Kada ki raina shi: kashi biyar cikin ɗari na nauyinki bai kai kilo huɗu da rabi ba, kuma daga nan jini yakan fara nuna sauƙi. Ki riƙa auna ƙugu daidai saman cibiya duk sati biyu. Inda ake so ki dosa a hankali shi ne ƙasa da rabin tsawonki, wato santimita 80.

Yanzu maigida. Bai ce kada ki motsa jiki ba. Ya ƙi cakuɗa, ya kuma yi shakkar injin. Kuɗin adashi naki ne, ba mai ja da wannan, amma falon na kowa ne, man janaretan kuma daga aljihunsa yake fita, don haka yana da ta cewa. Mai yiyuwa ma bai san me 145 bisa 92 ke nufi ba, ya ɗauka kwalliya kike nema. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ɗauko katin asibiti ki ce: "Abban yara, na duba maganarka kan injin nan, na fasa. Amma likita ya ba ni wata uku, kuma ni kaɗai ba zan iya ba." Sai ki roƙi abu ƙanana da zai iya cewa to a take: ya riƙe auta rabin awa ranar Asabar, ya taka da ke bayan la'asar ko isha sau biyu a sati, ya raka ki ranar komawa ya ji daga bakin likita. Ki ɗaura masa na'urar shi ma. Maza da yawa ba su taɓa auna jininsu ba, kuma lambar da zai gani tana iya yi miki rabin bayanin. In daga baya kin sami wurin da ke ware wa mata lokacinsu da mai koyarwa mace, ki nemi ya je ya gani da idonsa, ko zuwa biyu ne kawai don a gyara miki tsayuwa da riƙo.

Hajiya kuwa kada ki yi musu da ita, don a kan daka tana da gaskiya. Wadda ta tashi tana surfe, tana jan guga a rijiya, tana niƙa a dutse, ta yi atisayen da ya fi wanda na rubuta miki. Ki faɗa mata haka: "Hajiya, ai ku kun more, mu injin niƙa da famfo da adaidaita ne suka kashe mana jiki, shi ne likita ya ce in maye gurbinsu da atisaye." Tsoronta na gaskiya bakin mutane ne a kan ɗanta, don haka ki kwantar mata da hankali cewa kilo shida a jikin mai kilo 88 ba rama ba ce da za a yi zance a biki. Ki nemi ta sa miki albarka, ki riƙa auna mata jini duk Juma'a, in ta yarda ta zauna da jikanta kina ɗaki. In gwajin cikin nan ya nuna lafiya, ki karɓi dakan yaji ko na sakwara wani lokaci, ki lissafa shi cikin mintunanki.

Ki rataye kalanda a bayan ƙofa, duk ranar da kika yi ki ja layi. Bayan sati 12 ki ƙirga. In kin cika kwana huɗu cikin kowane biyar, ki ɗauko ragowar kuɗin ki nemi keken motsa jiki na zaune wanda ba ya amfani da wuta. Ya fi tausaya wa gwiwa, ya fi ƙanƙanta, ba ruwansa da janareta. In na hannu ne, ki hau shi minti biyar a gaban mai shi, ki saurari ƙara, ki ji ko yana rawa, ki murɗa maɓallin tauri daga farko har ƙarshe, ki duba takardar da ke jikinsa ko ya ɗauki kilo 100 ko fiye. Sirdin ki daidaita shi yadda in feda ta kai ƙasa gwiwa za ta rage ɗan lanƙwasa kaɗan, kuma ki hana yara sa hannu a wajen fedar. In kuwa layukan kalandar ba su cika ba, kuɗinki na nan, sai ki duba ko lokacin ne bai dace ba ki canza shi.

Ranar da likita ya sa miki, ki je ko sikeli ya motsa ko bai motsa ba, ki tafi da littafin awon jinin. In ya duba ya ce sai an haɗa da magani, ki karɓa ki sha yadda ya ce, ki ci gaba da atisayenki a kai. Ki rubuto mini bayan nan in ji lambar da aka samu. Allah ya ba ki lafiya, ki gaida Hajiya.